Malam Takalmi: Rayuwar Russell Schuh daga Oregon zuwa Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya buɗe wani aiki a kan harsunan Cadi, ko a kan karin sautin harsunan Afirka ta Yamma, ko a kan ma'aunin waƙar Hausa, da wuya ya yi nisa bai ci karo da sunan Russell G. Schuh ba. Sunan nasa Bajamushe ne, ma'anarsa takalmi, saboda haka abokan aikinsa na ƙasar Hausa suka yi masa laƙabi da Malam Takalmi, laƙabin kuwa ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. An fi danganta shi da Potiskum da Kano da Los Anjalis. Sai dai a Nijar ne ya fara zama cikin Hausawa, a yankin Agadas da Tawa, yana saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu. Wannan maƙala ta bi sawunsa daga inda ya tashi a yammacin Amurka zuwa inda ya ajiye alƙalami, ta kuma duba abin da aikinsa ya bar wa masu nazarin harshe na wannan yanki.

Haihuwa da tashi a Oregon

An haifi Russell Galen Schuh ranar 14 ga Maris 1941 a Corvallis, wani ƙaramin garin jami'a a jihar Oregon. Oregon ɗaya ce daga jihohi uku da suka jeru a gaɓar Tekun Fasifik, tana tsakanin Washinton a arewa da Kalifoniya a kudu. Bai cika wata tara a duniya ba Japan ta kai hari Pearl Harbor, ranar 7 ga Disamba 1941, Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, yammacin ƙasar ya zama fuskar da ke kallon abokan gaba.

A Klamath Falls ya girma, a kudancin jihar, kusa da iyakar Kalifoniya. Wanda ya ji an ce gaɓar yamma zai zaci ruwan sama da danshin teku, amma wannan gari yana bayan duwatsun Cascade, a kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,200 daga doron teku. Duwatsun suna tare girgije, don haka damina ba ta da yawa, hunturu kuma yana zuwa da ƙanƙara. Arzikin garin ya dogara ga abu biyu. Na farko katako: tun da jirgin ƙasa ya iso a 1909 masana'antun yankan itace suka yawaita, kamfanin Weyerhaeuser ya buɗe babbar masana'antarsa a 1929. Na biyu noman rani: gwamnatin tarayya ta janye ruwan tafkuna da fadamu tun farkon ƙarni, ta haƙa magudanai, aka shiga noman dankalin turawa da ciyawar dabbobi. Gari ne na ma'aikata da manoma, nesa da manyan birane.

Yaƙin bai bar wannan lungu ba. Kudu kaɗan da garin, a ƙetaren iyakar Kalifoniya, gwamnati ta kafa sansanin Tule Lake, inda ta tsare mutane ƴan asalin Japan daga 1942 zuwa 1946, da yawansu haifaffun Amurka. A wani lokaci waɗanda ke ciki sun haura 18,000. A gabas kuma, kusa da ƙauyen Bly, wani bam da Japan ta ɗaura wa balan-balan iska ta kawo shi ya fashe ranar 5 ga Mayu 1945, ya kashe mace ɗaya da yara biyar. Schuh yana ɗan shekara huɗu a lokacin.

Harshen da ke ƙarewa a maƙwabta

Sunan garin na wata al'umma ne. Kafin zuwan Turawa, ƙasar ta Klamath ce da ƴan uwansu Modoc, masu kamun kifi da tara ƴaƴan bado a tafkuna. A 1864 aka sa su rattaba hannu a yarjejeniyar da ta raba su da mafi yawan ƙasarsu, aka tattara su a keɓaɓɓen yanki. Wasu Modoc sun ƙi, aka gwabza yaƙi a 1872 zuwa 1873. Daga baya aka riƙa kwashe yaransu zuwa makarantun kwana inda Ingilishi kaɗai aka yarda a yi.

A 1954, Schuh yana ɗan shekara goma sha uku, majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar soke matsayin Klamath na al'umma mai cin gashin kanta. Dokar ta kammala aiki a 1961, dazuzzukansu suka fita daga hannunsu. Sai a 1986 aka maido musu da matsayin, ba tare da ƙasar ba. A cikin waɗannan shekaru ne wani ɗalibin Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, M. A. R. Barker, ya zauna da tsofaffin da suka rage yana rubuta harshen, ya fitar da ƙamus da tarin labarai a 1963, da nahawu a 1964. Mutum na ƙarshe da ya tashi da harshen a bakinsa ya rasu a 2003. Jikokin da ke ƙoƙarin farfaɗo da shi a yau, da waɗancan littattafai da na Albert Gatschet na 1890 suke aiki. Irin waɗannan littattafai uku, wato ƙamus da nahawu da tarin zantukan baka, su ne abin da masana harshe na yammacin Amurka suka ɗauka a matsayin haƙƙin kowane harshe a kan mai nazarinsa. Su ne kuma Schuh ya shafe rayuwarsa yana yi wa harsunan arewacin Nijeriya.

Ta ƙofar Faransanci

Samarin Amurka na zamaninsa sun shiga jami'a a kan gaɓa mai kyau. A 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, abin ya girgiza Amurka, a 1958 ta yi dokar da ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya da harsunan waje. Daga nan cibiyoyin nazarin Afirka suka bunƙasa a jami'o'i, harsuna irin su Hausa da Sawahili suka sami kujeru a azuzuwa.

Schuh ya karanci Faransanci a Jami'ar Oregon da ke Eugene, ya sami digiri na farko a 1963. Ya wuce Jami'ar Northwestern, kusa da Shikago, ya yi digiri na biyu a wannan fanni. A 1961 shugaba John F. Kennedy ya riga ya kafa ƙungiyar ƴan sa-kai wadda a Nijar aka fi sani da Corps de la Paix, ta kuma fara aiki a ƙasar a 1962. Saurayi mai jin Faransanci abin nema ne ga ƙasashen da Faransa ta raina, saboda haka da ya ba da kansa sai aka turo shi Nijar a 1965.

Shekara biyu a Agadas da Tawa

Ya tarar da ƙasa mai shekara biyar da samun ƴancin kai, ƙarƙashin shugaba Diori Hamani, wadda yawancin mutanenta ba su taɓa shiga makarantar boko ba. Gwamnati ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci, ta kuma fahimci cewa manomi da makiyayi sun fi saurin koyon karatu da harshen da suke magana da shi. Aikin Schuh daga 1965 zuwa 1967 shi ne kula da azuzuwan manya a yankin Agadas da Tawa. A nan ya koyi Hausa, ya kuma koyi Tamajak.

Lokacin ya dace da wani babban al'amari. Daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 1966, UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita haruffan rubuta harsuna shida, Hausa da Tamajak suna ciki. Tambayoyin da ɗalibi ke karantawa yau a littafi, a lokacin tambayoyi ne na allo da alli. Shin a nuna dogon wasali a rubuce? Wane karin harshe za a bi, na Kano da ke cikin littattafan Zariya ko na mutanen da ke zaune a aji? Nijar ta ɗauki hanyar ninka wasali na wani lokaci, kamar yadda sunayen jaridun yaƙi da jahilci suka nuna, irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii ta Madawa. Sai a taron Yamai na 1980 aka kusanto da rubutun ƙasashen biyu.

Yankin kansa makaranta ce ga mai kunne. Daga Madawa zuwa Buza da Keita, Hausar da ake ji ta yamma ce, wadda ta riƙe siffofin da Kananci ya saki. A wurare irin su Azarori da Galma, Buzayen Kel Gress suna zaune kafaɗa da kafaɗa da Hausawa da Fulani, kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya. Buzaye suna da rubutunsu na Tifinag, malaman allo suna da ajami, gwamnati tana da Faransanci. Hausa da Tamajak kuma ƴan uwa ne na nesa a babban dangin Afro-Asiya, kamar yadda Joseph Greenberg ya tabbatar a rabe-rabensa na shekarun 1950 da na 1963. Ana ganin alamar zumuncin a harafin t na jinsin mace: Hausa tana da ta zo da rigarta, Tamajak kuma tana sa t a farko da ƙarshen sunan mace, kamar yadda yake a sunan harshen kansa a asali. Mutumin da ya zo da digirin Faransanci ya koma gida da harsunan Afirka biyu, bai kuma sake komawa ga Faransanci a matsayin fagen bincike ba.

Los Anjalis, Potiskum da Kano

Ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, wadda ake taƙaitawa da UCLA, a lokacin da sashenta na kimiyyar harshe yake sabo. William Welmers yana koyar da harsunan Afirka, Peter Ladefoged, wanda ya yi aiki a Nijeriya, yana jagorantar ilimin furuci. Ra'in Noam Chomsky na nahawun tsirau yana tashe. Paul Newman, wanda shi ma ya yi aikin sa-kai a Maiduguri, ya kammala digiri na uku a wannan jami'a a kan harshen Tera, kuma shi da Roxana Ma sun buga a 1966 maƙalar da ta aza harsashin kwatanta harsunan Cadi. Abotar Schuh da Newman ta ɗore kusan shekara hamsin.

A 1969 zuwa 1970, yaƙin basasar Nijeriya yana gab da ƙarewa, Schuh ya zauna a Potiskum yana nazarin Ngizim. Kafin shi, abin da aka sani a kan harshen bai wuce ƴan jerin kalmomi ba, ciki har da waɗanda Sigismund Koelle ya buga a 1854 daga bakin ƴantattun bayi a Saliyo. Kundinsa na digiri na uku, wanda ya kammala a 1972, a kan ginin jimlar Ngizim ne. Daga 1973 zuwa 1975 ya yi aiki a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Kwalejin Abdullahi Bayero a Kano, lokacin Newman yana shugabantarta. Daga nan ya riƙa fita zuwa Gashuwa don Bade, da ƙasar Bauchi don ƙananan harsunan rukunin Bole da Tangale, waɗanda ya fitar da littafi a kansu a 1978. A 1975 UCLA ta ɗauke shi malami, a can ya zauna har rasuwarsa. Ya dawo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1982 zuwa 1983 a matsayin malami baƙo.

Abin da ya gano a tarihin Hausa

Ɗaya daga maƙalunsa na farko, ta 1972, ta taɓa dokar Klingenheben, wato raunanar baƙi a ƙarshen gaɓa. A tsohuwar Hausa, k da g da suka rufe gaɓa sun koma u a duk karuruwan harshen. Shi ya sa ake da talaka amma talauci, ɓauna amma ɓakane, Buzu amma Bugaje: jam'in ya adana baƙin da tilo ya narkar. Baƙaƙen leɓe kuwa a gabas kaɗai suka raunana, don haka Bakano yake cewa sauka da zauna da auduga, mutumin Tawa yana cewa sabka da zamna da abduga. Tambayar Schuh ita ce, me yaron da ke koyon harshen yau yake riƙewa a kansa? Ya nuna cewa sauyin da a tarihi ya tafi daga baƙi zuwa wasali, masu magana na baya suna iya riƙe shi a juye, su ɗauki siffar tilo a matsayin tushe su fitar da ta jam'i daga gare ta. Darasin shi ne, tarihin harshe da nahawun da ke kan mai magana abubuwa biyu ne, bai kamata manazarci ya cakuɗa su ba.

A 1974 shi da Newman suka buga nazarin asalin lamiran lokutan Hausa. Wanda ya tashi a Adar ko Gobir yana cewa munka, kunka, sunka, anka, inda Daidaitacciyar Hausa ke da muka, kuka, suka, aka. Yana kuma cewa yaz zo da tat tahi, yana ninka baƙin farkon aikatau. Malamin makaranta yakan ja wa waɗannan jan layi, amma ga mai binciken tarihi shaidu ne, domin da su ake gane yadda tsarin ya ginu kafin karuruwan su rarrabu. Bernard Caron ya zo a 1991 ya rubuta cikakken bayanin Hausar Adar, ya ƙara fito da darajar wannan kari.

Karin sauti da ƙananan harsuna

Bahaushe ya san aikin karin sauti ko da bai san sunansa ba: da shi yake bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, da fari na launi da fari na rashin ruwa. A 1974 Schuh da Larry Hyman suka tattara misalai daga harsunan Afirka ta Yamma don gano dokokin da karin sauti ke bi. Sun nuna cewa yawanci kari yana malalowa gaba, daga gaɓa zuwa wadda ke biye da ita, kuma irin baƙin da ke tsakani yana iya buɗe masa hanya ko ya toshe. A Ngizim, karin ƙasa yana malalowa sai in ya tarar da baƙi marar ziza irin su t da k. A Bade, karin sama ne ke malalowa, baƙi mai ziza irin su d da g ne ke tare shi. Wannan maƙala ta shiga littattafan tsarin sauti na duniya, ta sa sunayen harsunan da ko a Nijeriya ba kowa ya san su ba suka zama sanannu ga ɗaliban Turai da Amurka.

A ginin jimla ma Ngizim da Bade sun ba da mamaki. In Bahaushe zai tambayi wanda ya yi aiki ko ya jaddada shi, gaba yake sa shi: wa ya zo, Audu ne ya zo. A waɗannan harsuna biyu, aikau ɗin da ake tambaya ko jaddadawa bayan aikatau yake komawa. A Baden yamma ya bayyana wata n da ake liƙa wa suna wanda ba a ayyana ba, abin da ke tuna wa mai Larabci tanwini. Ƙamusunsa na Ngizim ya fito a 1981. Nahawunsa na Miya, harshen wani gari a jihar Bauchi, ya fito a 1998, kuma yana cikin cikakkun nahawun da aka taɓa rubuta wa wani harshen Cadi. A ciki ya nuna cewa wasulan da kunne ke ji da yawa a Miya suna komawa ga tushe ƙalilan, sauran kuwa tasirin ganɗantawa ne da ke mamaye kalma gaba ɗaya.

Bai ji tsoron faɗin abin da ba a son ji ba. A 1997 ya rubuta a kan yadda ake amfani da harshe a binciken tarihin Afirka, ya yi suka ga hanyar da Cheikh Anta Diop da Théophile Obenga suka bi wajen danganta harsunan Afirka da tsohon harshen Masar. Hujjarsa ita ce kamannin kalmomi ɗaiɗai ba ya tabbatar da zumunci, domin kowane harshe biyu aka jera za a sami kalmomin da suka yi kama bisa dace. Abin da ke tabbatarwa shi ne dacewar sautuka a kai a kai cikin kalmomi masu yawa.

Ma'aunin waƙa

Tun daga shekarun 1980 ya ba waƙar Hausa wani babban kaso na lokacinsa. Masana sun daɗe suna auna rubutacciyar waƙa da arulin Larabci, Greenberg ma ya yi rubutu a kai a 1949. Schuh ya amince cewa nauyin gaɓa shi ne tushe: sassauƙar gaɓa awo ɗaya, nannauya awo biyu. Kalmomin ruwa da wuta in an jera su suna ba da gaɓa huɗu, awo shida. Malam zo gaɓa uku ce, amma ita ma awo shida. Wannan daidaito ne ke ba mawaƙi damar musanya gaɓoɓi ba tare da kari ya karye ba.

Abin da ya ƙara shi ne sauraro. A wurinsa waƙar Hausa ba ta cika sai an rera ta, saboda haka ya riƙa ɗaukar faifai yana auna inda kowace gaɓa ta faɗa a kan bugun kiɗa. Ya nuna cewa karin da ke cikin rubutu da wanda mai rerawa ke bi suna da alaƙa amma ba lalle su zama ɗaya ba, kuma waƙa guda tana iya samun rerawa iri biyu. Ya yi nazarin karin Imfiraji ta Aliyu Namangi, da waƙoƙin Ɗan Maraya Jos, ya kawo hujjar cewa rubutacciyar waƙa ta sha daga waƙar baka kamar yadda ta sha daga Larabci. Aikinsa na ƙarshe a wannan fage, tare da Bruce Hayes a kan karin rajaz, ya fito a mujallar Language a 2019.

Aikin Yobe

Harsunan Cadi sun haura 150, Hausa kuwa ta fi sauran duka a haɗe yawan masu magana. A nan ne abin damuwar yake. A arewacin Nijeriya, harshen da ke cinye ƙananan harsuna Hausa ce, fiye da Ingilishi. Schuh ya rubuta a kan Auyo da Teshena da Shira, maƙwabtan Hausa na gabas a da, ƴan uwan Bade, waɗanda ba su bar komai ba sai ƴan kalmomi a takarda da sunayen garuruwa.

Daga 2001 zuwa 2004, sannan daga 2006 zuwa 2009, shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, ɗan Bole wanda ya yi digiri na uku a UCLA, suka jagoranci aikin binciken harsunan jihar Yobe: Bade, Bole, Duwai, Karekare, Ngamo da Ngizim. Tsarin aikin ya bambanta da na da. An kafa wa kowane harshe ayarin masu shi, aka koya musu rubuta shi, suka tattara kalmomi da tatsuniyoyi da karin magana da waƙoƙi, sunayensu suka fito a bangon littattafan a matsayin marubuta. Ƙamusoshin harshe uku ne, na gida da Ingilishi da Hausa, kuma a Potiskum aka buga su, inda masu harshen za su iya saye. Abin da aka tara an kuma sa shi a intanet kyauta.

Malami

A Amurka dubban ɗalibai sun san shi ta darasin gabatarwa ga nazarin harshe, wanda ya shekara da shekaru yana koyarwa. Ya shugabanci sashensa daga 1989 zuwa 1993, ya kuma yi kusan shekara goma sha biyar yana editan mujallar Studies in African Linguistics. Don masu koyon Hausa, shi da J. Ronayne Cowan sun fitar da littafi a 1976, sannan a shekarun 1990 shi da Abdullahi Bature da Richard Randell suka shirya Hausar Baka, jerin faifan bidiyo da aka ɗauka a Kano, inda ɗalibi ke jin harshen a kasuwa da cikin gida. Mutum ne mai juriya ko a wajen aji: tun daga gasar gudun fanfalaki ta farko ta Los Anjalis a 1986, ya yi kimanin shekara talatin yana shiga kowace shekara.

Ya rasu ranar 8 ga Nuwamba 2016, yana da shekara 75. Ya bar babban littafi na kwatanta harsunan Cadi bai kai ga buga shi ba. Paul Newman ya gyara shi ya fitar a 2017 da sunan A Chadic Cornucopia, kowa yana iya sauke shi ba tare da biyan ko sisi ba.

Kammalawa

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan ɗaukaka tana zuwa da nauyi, kuma rayuwar Schuh ta nuna inda nauyin yake. A 1850 Heinrich Barth ya tarar da mutanen Agadas suna magana da wani reshe na Songai, yau babu mai jin sa. Ɗan uwansa Tasawak yana nan a Ingal a bakin mutane kaɗan. Buduma, ɗan dangin Cadi kamar Hausa, yana tsibiran tafkin Cadi cikin halin rashin tsaro. Ko a cikin Hausar kanta, rediyo da finafinan Kano da wayar hannu suna goge siffofin da dattawan Azarori da Buza da Keita ke faɗa, irin waɗanda aka gina tarihin harshen da su.

Ɗalibin da ke neman batun kundi bai buƙatar tafiya mai nisa. Schuh ya ƙetare teku da hamada kafin ya iso waɗannan harsuna, ya kuma fara koyonsu yana babba. Ɗan Madawa ko ɗan Keita da su ya tashi, yana da dangi a kowane ƙauye, wayar da ke aljihunsa kuma ta fi na'urar da aka ɗauki Ngizim da ita a 1969. Kalmomin masu jima da masaƙa da maƙera, waƙoƙin daka da na niƙa, Tamajak ta Kel Gress da yadda take cuɗanya da Hausa, duk suna jiran mai rubuta su da alamar kari da tsawon wasali, ya sa sunayen waɗanda suka ba shi, ya kuma mayar musu da littafin.